HULAR KIRSIMETI A CIKIN KWAMFUTA: WASA NE KO WA'AZI?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

A cikin makon ƙarshe na watan Disambar da ya wuce, wani ƙanena da ke zaune a Agege ya bugo mini waya da daddare, muryarsa kuwa ba daɗi. Shi dai yaron yana da ɗan shago inda yake cajin waya, yana kuma tura wa mutane karatun Alƙur'ani da tafsiri da fina-finan Hausa daga kwamfutarsa zuwa wayoyinsu. Ya ce ran nan wani dattijo mai sayar da goro ya zo a tura masa tafsirin azumin bara, sai ya kunna masa don ya ji kafin ya biya. Suna cikin saurare sai dattijon ya ƙura wa gilashin ido, ya nuna da yatsa ya ce, "Kai yaro, wannan abin da ke nan ƙasa ba hular Fada Kirsimeti ba ce?"

Ko da yaron ya duba, sai ga tambarin manhajar VLC, watau robar nan mai tsini, mai ruwan goro da fari, irin wadda ma'aikatan hanya ke jerawa a kan titi, sanye da jar hula mai farin tuntu. Dattijon ya karɓi wayarsa ya fita bai ce kome ba.

"Yaya, wallahi ba ni na sa ba," in ji shi. "Kuma ba wanda ya taɓa na'urar nan sai mai gyaran da na kai wa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja makon jiya, shi kuwa Kirista ne. Gobe da sassafe zan koma masa."

Na ce masa ya dakata, kada ya je ko'ina sai ya ji daga gare ni. Na yi kwana biyu ina bin diddigin maganar, kuma abin da na samo shi nake so in shimfiɗa wa masu karatunmu a yau, musamman 'yan'uwa da ke neman abinci a Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, waɗanda ke kwana suna tashi cikin mutanen da addininsu da al'adunsu suka sha bamban da nasu. A taƙaice dai mai gyaran nan ba shi da laifin kome. Hular tana cikin manhajar tun daga inda aka rubuta ta, kuma irinta suna da yawa.

ASALIN ƘWAN ISTA

Masu sana'ar rubuta manhaja, watau jerin umarnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki, suna da wata tsohuwar al'ada ta ɓoye ɗan abin dariya a cikin aikinsu. Ba a faɗinsa a takardar bayani, ba ya kuma fitowa sai an danna wasu maɓallai ta wata hanya, ko kuwa sai wata rana ta zagayo. Sunan da suke kiran irin wannan abu da Turanci ma'anarsa "ƙwan Ista". To, daga jin sunan ma mutum zai ɗaga kunne, don kuwa Ista bikin Kirista ne na tunawa da tashin Almasihu daga matattu bisa ga imaninsu, kuma a ƙasashen Turai da Amurka akan rina ƙwai a ɓoye a lambu ranar bikin, yara su bazu suna nema.

Amma labarin yadda sunan ya shigo sana'ar kwamfuta labarin haƙƙin ma'aikaci ne. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Atari na Amurka, mai yin wasannin da ake haɗawa da talabijin, ba ya yarda a rubuta sunan wanda ya ƙirƙiro wasa a jikin kwalinsa, don gudun kada wasu kamfanoni su san gwanayensa su janye su. Abin ya ɓata wa wani saurayi mai suna Warren Robinett rai. Shi kaɗai ya rubuta wani wasa da ake kira Adventure, wanda ya fito a 1980 aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Saboda haka, ba tare da ya gaya wa kowa ba, sai ya gina wani ɓoyayyen ɗaki a cikin wasan. Sai mai wasa ya tsinci wani ɗigo guda ƙanƙane mai launin toka, ya ɗauko shi ya kai wani wuri, sa'an nan zai iya ratsa bango ya shiga ɗakin, inda ba abin da zai tarar sai rubutu yana walƙiya cewa Warren Robinett ne ya yi wannan wasa.

Robinett ya riga ya bar aikin kafin wani yaro ɗan shekara 15 daga birnin Salt Lake ya gano ɗakin ya rubuto wa kamfanin takarda. Da manyan kamfanin suka lissafa kuɗin da gyara zai ci, sai suka ga ba riba. Wani daga cikinsu, Steve Wright, ya ce a bar shi, har ma a riƙa sa irinsa a wasanni masu zuwa, tun da yake yara na jin daɗin nema kamar yadda suke neman ƙwai ranar Ista. Daga nan sunan ya bi abin. Ashe ke nan sunan aro ne daga wasan yara, abin da ke ciki kuwa sa hannun mai sana'a ne, kamar yadda baduku ko maƙeri kan bar wata 'yar alama a jikin aikinsa wadda shi da abokan sana'arsa kaɗai suka san ma'anarta.

MANHAJA MAI 'YANCI

Kafin mu ci gaba ya kamata mai karatu ya san cewa manhaja iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ke sayarwa a rufe, ka yi aiki da ita amma ba ka da ikon ganin asalin rubutunta. Akwai kuma wadda ake kira manhaja mai 'yanci. Wani masani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya ɗaga wannan tuta a watan Satumba na 1983 da shirin da ya sa wa suna GNU, ya kuma kafa gidauniya dominta a 1985. Sharuɗɗanta huɗu ne: kowa na da ikon ya yi aiki da ita yadda ya ga dama, ya karanta asalin rubutunta ya sauya abin da bai yi masa ba, ya ba wani kwafi, ya kuma rarraba wadda ya gyara. Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, tana cikin wannan rukuni, kuma a kanta aka gina Android da ke cikin yawancin wayoyin da ke aljihunanmu.

Ga misalin da zai nuna amfanin wannan bambanci. A cikin manhajar lissafi ta Excel ta 1995, wadda kamfanin Microsoft ke sayarwa a rufe, an gano wani ɓoyayyen wuri mai suna mai ban tsoro, wai zauren rayukan da ake azabtarwa. Sunaye da hotunan ma'aikatan da suka sha wahalar rubuta manhajar ne a ciki, suna yi wa kansu ba'a. Amma da yake ba mai iya buɗe rubutun ya duba, sai saƙonni suka yi ta yawo a duniya wai shugaban kamfanin, Bill Gates, shi ne Dujal. A 2002 kamfanin ya hana ma'aikatansa sa irin waɗannan abubuwa, don manyan masu sayen kayansa ba su yarda da abin da ba a bayyana musu ba. A manhaja mai 'yanci kuwa, ɓoyon bai wuce na wasan ɓuya ba, gama duk wanda ya iya karatun zai buɗe ya ga layin da aka rubuta abin, galibi har da sunan wanda ya rubuta da ranar da ya rubuta. Gani ya kori ji.

HULAR VLC

Ita VLC ɗaliban wata babbar makarantar injiniyoyi ta Faransa, École Centrale ta Paris, su suka fara aikinta a 1996 don su riƙa kallon bidiyo ta layukan sadarwar makarantarsu, aka kuma sake ta ga duniya a matsayin manhaja mai 'yanci a 2001. Ita kanta robar titin da ta zama tambarinta wasa ce, don ɗaliban sun saba kwasar irin waɗannan robobi suna tarawa. A cikin rubutun manhajar akwai 'yan layuka da ke cewa in kalandar kwamfuta ta kai kwanakin ƙarshe na Disamba a nuna robar da hula, in sabuwar shekara ta kama a cire. Ba ta bukatar intanet, ba ta kuma bukatar hannun kowa. Abin da ya sami ƙanena ke nan, kuma a wannan makon haka ta fito wa masu kwamfuta a Alƙahira da Jakarta da Kano.

To, shin hular tana da alaƙa da addini? Gaskiya tana da ita, amma daga nesa. Fada Kirsimeti, wanda Amurkawa ke kira Santa, asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas da ya rayu a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda ya yi suna wajen yi wa matalauta kyauta a ɓoye. Amma siffar nan ta ƙaton tsoho mai farin gemu da hula, masu zane na Amurka ne suka tsara ta a ƙarni na 19, sa'an nan tallan Coca-Cola daga 1931 ya ƙara baza ta a duniya da jajayen kaya. Ba a ambaci Santa a cikin Linjila ba, har ma akwai Kiristoci masu riƙo da addini da ba sa son sa, suna cewa ya mai da bikinsu kasuwa. Ga mutanen Turai da yawa, har da waɗanda ba sa leƙa coci, hular alamar hutun ƙarshen shekara ce kurum. Ga dattijon da ya zo sayen tafsiri kuwa, alamar bikin wani addini ce a gefen karatun malaminsa, kuma ba wanda zai ce idonsa ya yi masa ƙarya.

Masu VLC dai sun tanadi mafita. A cikin saitunanta akwai wani ɗan akwati na yarda da sauya tambari, in ka cire alamar da ke cikinsa hular ba za ta sake fitowa ba.

SANIYA DA WAƘAR TSAKAR DARE

Yawancin waɗannan wasanni ba su da ko ƙanshin addini. A Debian da Ubuntu, manyan rassan Linux guda biyu, in mutum ya rubuta apt-get moo, sai ga saniya an zana ta da alamomin rubutu, tana tambayarka ko ka yi kukan shanu yau. 'Yan'uwanmu na kasuwar shanu ta Akinyele da mayankar Oko-Oba sai su ce ashe Turawa ma sun san darajar nagge.

Akwai kuma wata 'yar manhaja mai suna man, wadda aikinta nuna shafukan bayani. Ta yi shekara shida tana ɗauke da wani wasa: in an kira ta da ƙarfe 12:30 na dare ba tare da an faɗi shafin da ake nema ba, sai ta rubuto kalmomi uku daga sunan wata waƙa ta ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin. Ba wanda ya damu sai a 2017, da wani ma'aikaci ya rasa dalilin da ya sa gwajin da kwamfutarsa ke yi da kanta yake lalacewa duk ran da ya faɗo a kan wannan minti. Mai kula da manhajar, Colin Watson, ya amsa cewa shi ya sa, ya kuma cire.

WAƊANDA SUKA ARI RIGAR ADDINI

Inda maganar ta fi bukatar natsuwa shi ne wasannin da aka yi su da lafazin addini. Duk mai Firefox a kwamfutarsa, in ya rubuta about:mozilla a inda ake rubuta adireshi, zai ga jan shafi da farin rubutu, an tsara shi da irin salon Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe na Baibul. Rubutun na sauyawa daga fitowa zuwa fitowa, amma kullum maganar wata dabba ake yi da mabiyanta, a wasu tsofaffin kuma har da mabiyan Mammon, sa'an nan a ƙarshe a sa lambar sura da aya daga wai "Littafin Mozilla". Babu wani littafi mai wannan suna a duniya. Lambobin nan ranaku ne, galibi an rubuta wata kafin rana bisa al'adar Amurka. 3:31 ita ce 31 ga Maris 1998, ranar da kamfanin Netscape ya saki asalin rubutun manhajarsa ga jama'a. 7:15 ita ce 15 ga Yuli 2003, ranar da aka kafa Gidauniyar Mozilla. 11:9 kuwa 9 ga Nuwamba 2004 ce, ranar da cikakkiyar Firefox ta farko ta fito. Dabbar ita ce manhajarsu, wadda tambarinta na da wani ƙaton ƙadangare ne. Mammon, kalmar da Linjila ke kiran dukiya da ita, ana fassara shi da abokin gasarsu, Microsoft. Watau tarihin gasar kasuwa ne aka naɗa masa rawani.

Sai kuma maganar aljani. A Unix da Linux akwai ƙananan manhajoji masu aiki ba tare da an gan su ba, kamar mai kai takarda wurin injin bugawa ko mai karɓar wasiƙu, kuma sunan da ake kiransu da Turanci ya yi kama da kalmar aljani ko shaiɗan. Masanan jami'ar MIT ta Amurka ne suka laƙaba shi a 1963, kuma ɗaya daga cikinsu, Farfesa Fernando Corbató, ya bayyana cewa sun aro shi ne daga wani misali da masanin kimiyya ɗan Sikotlan, James Clerk Maxwell, ya buga a 1867, na wani ɗan halitta na ƙage mai tsaron ƙofa, yana tantance ƙwayoyin iska masu sauri da marasa sauri ba ya gajiya. Daga wannan suna ne aka zana wa BSD, wani reshen Unix na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, hoton wani ɗan jan aljani mai ƙaho da wutsiya, sanye da takalmin wasanni, riƙe da mashi mai baki uku. John Lasseter, wanda daga baya ya shirya fim ɗin yara na Toy Story, shi ya yi zanen da ya fi shahara. Mashin ma wasa da kalma ne, don akwai wani umarni a Unix mai raba aiki gida biyu wanda sunansa ɗaya da cokali mai yatsu. Duk da wannan bayani, mutane masu riƙo da addini da dama ba su ji daɗin hoton ba, kuma a 2005 masu FreeBSD suka yi gasar sabon tambari, aka zaɓi wata jar ƙwallo mai 'yan ƙahoni biyu.

Maƙwabtanmu Kiristoci su ma suna da nasu abin razana, watau lambar 666, wadda Wahayin Yahaya ya ce lambar dabbar ƙarshen zamani ce. In ka ga mai gyara ya rubuta chmod 666, lissafi yake yi. Izinin karanta fayil lambarsa 4, na rubutu 2, na kunnawa 1. In an haɗa 4 da 2 an sami 6. Gurbi uku ne kuwa: na mai fayil, na ƙungiyarsa, da na sauran jama'a. Saboda haka 666 na nufin kowa ya karanta, kowa ya rubuta. Illarta ɗaya ce, ka bar ƙofar ɗakinka a buɗe. Haka nan a harshen kwamfuta na Python, in an rubuta import this, shawarwari 19 ne za su fito kan tsabtar aiki, waɗanda Tim Peters ya rubuta a 1999. An sa musu sunan Zen, wata ɗariƙa ta addinin Buda da ta shahara a Japan, amma babu ko kalma ɗaya ta bauta a ciki.

Wanda ba zan iya wankewa sarai ba shi ne na Stallman kansa. A ƙarshen laccocinsa yakan sa baƙar alkyabba, ya ɗora tsohon faifan kwamfuta a ka kamar da'irar hasken da ake zana wa waliyyan Kirista, ya ce shi waliyyi ne na "Cocin Emacs", Emacs kuwa manhajar rubutu ce da ya yi suna da ita. Mutumin bai taɓa ɓoye cewa bai yi imani da wani addini ba. Masu kwamfuta yake yi wa ba'a, waɗanda ke gardama kan manhajar rubutun da ta fi kyau kamar masu gardamar aƙida, amma da kayan coci aka yi wasan, kuma mai addini yana da haƙƙin ya ƙi yin dariya.

INDA ADDININ YAKE DA GASKE

Abin mamaki shi ne, inda addini ya shiga da gaske masu shi ba su ɓoye ba, mu kuma ba mu lura ba. Larry Wall, wanda ya ƙirƙiro harshen kwamfuta na Perl a 1987, Kirista ne mai riƙo. Shi da matarsa sun karanci ilmin harsuna da niyyar su je wata ƙasa, watakila a nan Afirka, su sami harshen da ba a taɓa rubutawa ba su tsara masa haruffa su fassara Baibul, sai rashin lafiya ya hana. Sunan Perl yana komawa ne ga misalin lu'ulu'u mai tsada da ke sura 13 ta Linjilar Matiyu, kuma akwai wani umarni a harshen wanda ma'anarsa "sa albarka". Ya sha maganar imaninsa a bainar jama'a.

Na biyu ya fi kusa da mu. SQLite, wadda Richard Hipp na Amurka ya fara a 2000, 'yar manhajar ajiyar bayanai ce da ke cikin kowace wayar Android da iPhone, a cikinta ma WhatsApp ke ajiye saƙonninka. A saman fayilolin rubutunta, inda wasu ke sa gargaɗin lauya, shi addu'a ya sa, yana yi wa mai amfani da ita fatan aikata alheri, da samun gafara da yafe wa wasu, da bayarwa hannu sake. A 2018, da kamfanonin da ke hulɗa da shi suka nemi ya fito da ƙa'idar ɗa'a, sai ya ɗauko ƙa'idoji 72 daga dokokin Benedik, wani shugaban masu zuhudu na Kirista da ya rayu a Italiya a ƙarni na 6. Mutane da yawa suka ɗauka wasa yake yi. Ya ce shi da gaske yake, da shi da abokan aikinsa suka ɗaukar wa kansu, ba su kuma tilasta wa mai amfani da manhajar kome ba. To, jama'a ku duba: hular da ba wanda ya nufi wa'azi da ita ta kusa haɗa faɗa a Ikeja, alhali aikin da mai shi ya buɗe da addu'a yana aljihunmu shekara da shekaru, bai kuwa sauya ko harafi ɗaya na saƙon kowa ba.

Musulmi ma sun ci moriyar wannan 'yanci. A 2007 wasu suka ɗauki Ubuntu suka fitar da ta Musulmi, mai lokutan salla da manhajar karatun Alƙur'ani da kalandar Hijira, daga baya suka sa mata suna Sabily, fitowarta ta ƙarshe kuwa a 2011 ce. Kiristoci sun yi tasu tun 2006.

RANAR DA WASA YA ƁACI

Ba kullum abin ke ƙarewa da dariya ba. Ranar 25 ga Disamba 2018 ma'aikata a ƙasar Sin suka wayi gari suka ga dusar ƙanƙara a kan maɓallan shafukan kamfanoninsu, in an kai kibiya kai kuma sai dariyar Santa ta fito a rubuce. Wani daga cikin masu kula da Ant Design, kayan gina shafuka na wani kamfani mai alaƙa da Alibaba, shi ya sa abin watanni kafin nan, bai faɗa a takardar sauye-sauye ba, bai kuma tanadi hanyar kashewa ba. A wannan watan kuwa hukumomin wasu garuruwan Sin sun hana kayan adon Kirsimeti a tituna. Injiniyoyin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka sha faɗa wurin iyayen gidansu, har aka ba da rahoton cewa wasu sun rasa aikinsu. Wanda ya sa abin ya fito ya nemi gafara.

Bayan shekara guda, a Disambar 2019, Microsoft ya ɗora hular Santa a kan wata alama cikin manhajar Visual Studio Code, wadda asalin rubutunta a buɗe yake. Wani mai amfani da ita ya rubuta ƙorafi cewa an cusa masa alamar addinin da ba nasa ba. Kamfanin ya cire hular ya sa hoton dusar ƙanƙara, sai kuma ɗaruruwan mutane suka taso cewa an biye wa mutum ɗaya an ɓata wa kowa. A ƙarshe dai aka bar wa kowa ya zaɓi abin da yake so ya gani.

Mu Hausawa mun san ƙa'idar wasa. Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne, haka Bafillace da Babarbare, haka Bakano da Bazazzagi. Bagobiri zai gaya wa Bayarabe maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga ofishin 'yan sanda, amma su dariya za su yi, don kowannensu ya san akwai wasa tsakaninsu tun kaka da kakanni. Masu rubuta manhaja sun fara waɗannan wasanni lokacin da su 'yan tsiraru ne a jami'o'in Amurka da Turai, kusan al'adarsu ɗaya, kowa ya san kowa. Yanzu kuwa aikinsu ya shiga banki da asibiti da ofishin gwamnati da shagon Agege, kuma dattijon nan mai goro ba abokin wasan ɗaliban Paris ba ne. A ganina wasan da sai ka nema za ka samu, kamar saniyar Debian, ba ya cutar da kowa. Amma wanda zai fito da kansa a gaban wanda bai nema ba, wajibi ne masu shi su faɗa tun da wuri, su kuma sa wurin kashewa inda kowa zai gani, musamman in ya shafi bikin wani addini.

NAMU NAUYIN

Ni ba malami ba ne, saboda haka hukuncin ko ya halatta Musulmi ya bar irin wannan hula a na'urarsa na bar wa malamanmu. Abin da zan roƙa kawai shi ne a kai musu labarin yadda yake, da asalinsa da niyyar masu shi, don fatawa ba ta fin tambayar da aka yi kyau. Suratul Hujurati ta umarce mu da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, kuma wanda ke zaune a garin wasu ya fi kowa bukatar riƙe wannan. Mutanenmu na Badun ba su manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha cikin Fabrairun 2021 ba, inda 'yar taƙaddama a bakin shago ta zama asarar rayuka da dukiya. Wannan ba rikicin addini ba ne, amma ya isa ya tuna mana yadda ƙaramar magana ke girma a kasuwa.

Ga yaranmu masu shagunan caji da gyaran waya kuma, wannan ƙofa ce a buɗe. Rubutun VLC da na Firefox da na Linux duk suna nan, ba a biyan ko kwabo kafin a karanta. Yaron da ya koyi karanta su shi zai raba gardama a unguwarsu ran da wani abu ya fito a gilashi, in ya ƙware ma ya fassara su da Hausa ko ya cire abin da bai dace da mutanensa ba, ba kuwa wanda zai kai shi ƙara.

Shi dai ƙanena na kwatanta masa ta waya inda ɗan akwatin yake, ya cire alamar, ya rufe manhajar ya sake buɗewa, sai ga roba ba hula. Na ce ya mai da kwanan watan kwamfutar zuwa Yuni ya mai da alamar, don ya gani da idonsa cewa kalanda ce ke sa ta, ya yi ya gani. Kashegari ya je har rumfar dattijon ya yi masa bayani. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "To, ai shi ke nan, ɗana. Amma ka gaya wa Turawan nan naka, in Babbar Salla ta zo su ɗaura mata rago." Ya ba shi goro biyu, ya ce da la'asar zai aiko da wayar. Mai gyaran Ikeja kuwa har yau bai san an kwana da shi a rai ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kai kowa gida da alheri, amin.